Me ya sa Sallah ke yawo cikin shekara, Kirsimeti kuwa ba ta motsi?

Aminu: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Tambaya ce gare ni. Babbar Sallah a 2006 ta zo har sau biyu, 10 ga Janairu da 31 ga Disamba, tsakiyar hunturu. Yanzu kuwa ta dawo farkon damina. Kirsimeti ba ta gusawa daga 25 ga Disamba, amma Ista ta Kiristocin nan dai kullum canza rana take. Mene ne asalin wannan bambanci? Sannan gaskiya ne Takutaha ta Kano, da ake yi mako guda bayan Maulidi, da Cika-ciki na daren Ashura ragowar bukukuwan Maguzawa ne?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Kafin a tambayi asalin kowane biki, a fara tambayar da me aka ɗaure ranarsa, da wata ko da rana ko da su biyun. Daga haihuwar wata zuwa haihuwar na gaba kwana 29 da rabi ne da ɗan ɗoriya. Ka ninka sau 12, ka sami kwana 354, wata shekarar 355. Shekarar rana kuwa kwana 365 ce da kusan rubu'i. Ratar kusan kwana 11 kenan. To Sallah da azumi da Maulidi duk da wata tsantsa aka ɗaure su, shi ya sa suke ja baya da kwana 10 zuwa 12 duk shekara, sai sun yi kimanin shekara 33 su koma inda suka taso. A 2030 azumi zai kama sau biyu, farkon Janairu da ƙarshen Disamba, kamar yadda ya yi a 1997.

Kuma da gangan ne. Larabawan jahiliyya suna da al'adar jinkirta wata su daidaita lokacin aikin Hajji da kasuwanninsu, sai Suratut Tauba, aya ta 36 da 37, ta tsayar da watanni 12 ta hana wasa da su. Ƙidayar shekarun kuwa a zamanin Sayyidina Umar aka tsara ta, wajen shekara ta 17, aka ɗauki Hijira ta 622 a matsayin mafari. In kana son juya shekara da ka, ninka ta Hijira da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1447 za ta ba ka 2025 da 'yan kai.

Malam Yohanna: Malam Habibu ya share mini hanya. Kirsimeti da kalandar rana ta Rumawa take, shi ya sa ba ta motsi. Rubutu mafi tsufa da ya nuna ana yin ta 25 ga Disamba daga birnin Rum yake, a ƙarni na 4. Linjila ba ta faɗi ranar haihuwar ba, don haka masana suka rabu biyu. Wasu suka ce an ɗora ta ne a kan bikin rana da Rumawa ke yi a wannan lokaci, sa'ad da dare ya gama tsawo yini ya fara ƙaruwa. Wasu suka ce lissafi ne, an ɗauki 25 ga Maris a matsayin ranar shigar ciki aka ƙirga wata tara. Ni na fi karkata ga na biyu, domin lissafin 25 ga Maris ya riga yaɗuwar bikin.

Ista daban ce, don ta samo lokacinta daga Idin Ƙetarewa na Yahudawa, wanda ke bin wata. Bayan taron shugabannin Kirista na garin Nikiya a 325 ƙa'idar da ta zauna ita ce: a jira 21 ga Maris, a nemi cikar wata ta farko daga ranar, sai Lahadin da ta biyo baya. Saboda haka ba ta zuwa kafin 22 ga Maris, ba ta wuce 25 ga Afrilu. Tana yawo, amma a cikin shinge.

Aminu: To ai na ga Habashawa da Kibɗawan Masar suna Kirsimeti 7 ga Janairu, Malam.

Malam Yohanna: Rana ɗaya ce a kalanda biyu. Tsohuwar kalandar Yuliyas Kaisar ta ɗauki shekara kwana 365 da rubu'i cif, alhali ta gaza haka da kusan minti 11. Ƙaramin abu ne, amma duk shekara 128 sai ya tara kwana guda. A 1582 Fafaroma Girigori na 13 ya sa aka tsallake kwana 10, aka kwana 4 ga Oktoba aka tashi 15. Ya kuma ce shekarun cikar ɗari ba za su sami ƙarin kwana ba sai wadda 400 ta raba daidai, shi ya sa 2000 ta samu, 1900 ba ta samu ba. Ingila ba ta bi ba sai 1752, Rasha sai 1918. Majami'un da suka riƙe tsohon lissafi yanzu suna baya da kwana 13, to 25 ga Disambarsu ita ce 7 ga Janairunmu. Habasha ma tana da tata kalandar, wata 12 masu kwana 30-30 da wani ɗan guntu na 13 mai kwana 5 ko 6, sabuwar shekararsu 11 ga Satumba, wajen ƙarshen daminarsu.

Malam Habibu: Akwai kuma masu haɗa biyun. Shekarun rana 19 sun yi daidai da watanni 235, wato shekarun wata 19 da rarar wata 7. Yahudawa suna cusa waɗannan bakwai ɗin cikin zagayen, wata shekara ta zo da wata 13, bikinsu ya zauna a yanayinsa. Mutanen Sin ma haka, shi ya sa sabuwar shekararsu ba ta fita tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Nairuz na Farisa kuwa rana zalla ce, lokacin da dare da yini suka daidaita, 20 ko 21 ga Maris. Umar Khayyam yana cikin waɗanda suka gyara musu lissafin a 1079, zamanin Malik Shah.

Malam Isyaku: Duk an yi bayani, Allah ya saka. Amma kashi na biyu na tambayar yaron nan aka bari, kuma nan ne maganar take. Ni a wurina Takutaha ba ta buƙatar dogon bincike. Ina ake hawa ranar? Dala. Wa ya zauna kan Dala? Barbushe, mai hidimar Tsumburbura, wanda Tarihin Kano ya ce sau biyu yake saukowa a shekara, jama'a su taru da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru. Babu wani littafin fiƙihu da ya ce a hau dutse ranar sunan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. An canza wa abin riga ne kawai.

Dakta Rabi: Allah gafarta Malam, a raba abu biyu: ranar biki da abin da ake yi a ranar. Ranar Takutaha 19 ga Rabi'ul Awwal ce, mako guda bayan 12 ga wata, lissafin ranar suna irin namu. Wannan rana tana zagaya rani da damina. Bukukuwan Maguzawa kuwa, irin su buɗar daji da shan kabewa da kalankuwa, a jikin noma suke. Ba a shan kabewa kafin ta nuna, ba a buɗar daji ciyawa tana ɗanya. Bikin da aka ɗaure da kaka ba zai zama shi ne wanda ke faɗowa tsakiyar marka ba. Ranar dai daga Maulidi ta zo, Maulidin kuma an san hanyarsa: Faɗimawa a Masar sun yi shi a fada, sannan Sarki Muzaffar na Irbil ya mayar da shi babban taron jama'a a farkon ƙarni na 13.

Hawa dutsen, wannan zan iya ba ka rabi. Wuri yana riƙe mutane ko da dalilin farko ya gushe, kuma Dala ita ce cibiyar garin tun kafin Bagauda. Amma a lura, Tarihin Kano a ƙarshen ƙarni na 19 aka rubuta shi yadda muke da shi, kuma marubucin da kansa ya kira ranakun saukowar Barbushe da ranakun Idi, wato da idon Musulmi ya kalli abin. Ba mu da wata shaida a rubuce da ta ɗinke taron Barbushe da Takutaha kai tsaye.

Malam Isyaku: Dakta, rashin rubutu ba ya kore abu. Wangarawa sun shigo zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, amma Dirki, Alƙur'anin nan da aka naɗe da fatu ana yi masa yanka, bai gushe ba sai dab da jihadi. Mutanen da suka yi haka da Alƙur'ani, ɗauke biki daga kaka su maƙala shi a jikin Maulidi ba zai gagare su ba.

Dakta Rabi: Zai yiwu, ban musa ba. "Zai yiwu" daban, "haka aka yi" daban. Ga ma'aunin da nake amfani da shi: in al'ada ta gida ce tsantsa, ba za ka same ta a ranar guda a ƙasashen da ba su san Dala ba. Gwada shi a kan Cika-ciki. Daren Ashura a Senegal suna Tamkharit, a ci dambun gero a ƙoshi, yara su fita gida-gida. A Maroko ana ajiye busasshen naman layya musamman don girkin wannan rana. Turkawa na dafa wani kunun alkama da wake da busassun 'ya'yan itace su raba wa maƙwabta. Dagombawa a arewacin Ghana suna Bugum, wasan wuta, daren 9 ga Muharram, wanda ya yi kama da wowon da ake yi a ƙasar Hausa. Abin da ka gani daga Dakar zuwa Istanbul a dare guda, hanyar malamai da fatake ya biyo. Tushensa azumin Ashura ne, da aka iske Yahudawan Madina suna yi don tsirar Annabi Musa, da kuma ruwayar yalwata wa iyali a ranar, wadda malaman hadisi suka yi saɓani a kan ingancinta. Mutanen Shi'a kuma ranar makoki ce gare su saboda Karbala, shekara ta 61.

Hajiya Ladidi: Tunda an zo kan Cika-ciki bari in sa baki, don yawon watan nan da kuke lissafi a madafi ake jin sa. Daga layya zuwa Ashura wata guda ne cif, 10 ga Zulhijja zuwa 10 ga Muharram. Shekarun da layya ke zuwa da hunturu, ajiye wutsiya da ƙafa da kai ba wuya: a babbake, a kankare, a shafa gishiri, a rataye inda iska ke bi, ta bushe ƙayau. Yanzu da take zuwa a Mayu da Yuni, wanda ya yi haka asara zai yi. Iska da laima, ƙuda ya yi yawa, bayan naman ya bushe cikinsa ɗanye, kafin mako sai tsutsa ko furfurar ruɓa.

Abin da ke yi a wannan yanayi suya ce. A yanka tsoka ƙanana, kada ta wuce kaurin yatsa biyu. A sa gishiri kamar babban cokali guda ga kilo ɗaya. A tafasa da albasa da citta da kanumfari har ruwan ya tsotse, a tsane a kwando ya sha iska. Sannan a soya cikin kitsen ragon da wuta matsakaiciya. Alamar ya yi ita ce kumfar man ta kwanta, ƙarar ta ragu, domin ruwan da ke cikin naman ne ke wannan kumfa. Masu gaggawa suna cika wuta, baya ya yi ja, ciki da ruwa, shi ne ke fara wari a kwana na biyar. A bari ya huce sarai kafin a rufe, in an rufe da zafi gumi zai sauko. Kada a sa jiƙaƙƙen hannu, kuma duk mako a sake ɗumama shi a kasko. Ƙafa da wutsiya kuwa hayaƙi za a ba su, a kan waya, garwashi a ƙasa ba harshen wuta ba, ana juyawa kwana biyu zuwa uku. Kayan ciki ba a ajiye su, a cinye a makon Sallah.

Aminu: Allah ya saka da alheri Hajiya. Baba Ɗanjuma, hawan Sallah fa? Na ji masu cewa Turawa ne suka kawo shi daga Indiya.

Baba Ɗanjuma: Ɗana, an haɗa abu biyu ne. Taron dawaki da Turawa ke shiryawa don baƙonsu, a tara sarakuna da yawa a fili guda, wannan kam salon da suka saba a Indiya ne. An yi wa Yariman Wales a Kano a 1925, an yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, an kuma yi na FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977. Hawan Sallah ya girme su nesa. Tarihin Kano ya jingina wa Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, fara sallar Idi a Shadakoko, da kakaki da figini da takalman gashin jimina da dawakin zage. Amfaninsa na farko na mulki ne: kowane hakimi ya shigo da mutanensa da dawakinsa, Sarki ya ga ƙarfin da yake da shi, a yi jahi a nuna mubaya'a.

Kuma ba rana guda aka kafa hawan duka ba, kowanne da zamaninsa. Ranar Sallah Sarki yana tafiya filin Idi na Ƙofar Mata da ƙafa, ya komo a kan doki. Kashegari da la'asar Hawan Daushe, a zaga unguwannin cikin gari, a tsaya Babban Ɗaki a gaida mahaifiyar Sarki, a ƙare da jahi a Ƙofar Kudu. Labarin baka ya ce sunan wani bawan Sarki ne da rashin lafiya ta hana shi hawan Idi, aka sake hawa dominsa. Hawan Nasarawa shi ne mai ƙanshin zamanin Turawa, don gaisuwar Razdan ce ta koma gaisuwar Gwamna, a ratsa Sabon Gari a dawo. Na ƙarshe, ƙaramar Sallah Ɗorayi, babbar Sallah Fanisau, garin da ya zama ribaɗi zamanin Ibrahim Dabo. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa.

Shi ma yawon wata yana taɓa shi. Dokin da aka ɗaure ana ba shi dawa da harawa wata da watanni ba motsa jiki, aka ɗora masa lifidi da kayan ado a zafin Afrilu, shi ne ke faɗuwa a hanya. Masu sani suna fara kilisa da shi makonni kafin Sallah, a saba masa da ƙarar bindiga da kalangu, a duba kofato da majayi.

Malam Isyaku: To Tashe ma daga waje ya zo, Dakta?

Dakta Rabi: Lokacinsa na azumi ne, daga 10 ga wata. Fitar yara gida-gida a Ramadan akwai ta a ƙasashen Larabawa na gaɓar Tekun Fasha, tsakiyar watan, ana ba su alawa da gyaɗa, Masar kuma suna da mai ganga mai tayar da mutane sahur. Amma abin da ke cikin namu, Nalako sarkin gwauraye da kamun gwauraye da kwaikwayon malami da maharbi da ɗan kasuwa, wannan na gida ne, ba inda aka aro shi. Haka itacen Kirsimeti: al'adar Jamusawa ce da ta bazu a Ingila bayan an buga hoton Sarauniya Victoria da mijinta Albert a gindinsa a 1848, shekaru kusan 1,500 bayan an tsayar da ranar.

Malam Yohanna: Akwai ma waɗanda hukuma ce kawai ta yanke. Ranar ma'aikata, 1 ga Mayu, daga yajin aikin Chicago na 1886 take, na neman aikin awa 8. A Najeriya gwamnatin Abubakar Rimi a nan Kano tana cikin waɗanda suka fara ba da hutunta a 1980, tarayya ta bi a 1981. Ranar dimokuraɗiyya kuwa a 2018 aka ɗauke ta daga 29 ga Mayu zuwa 12 ga Yuni.

Aminu: Malam Habibu, saura guda. In lissafin wata ya fito haka sarai, me ke kawo saɓani daren Sallah?

Malam Habibu: Haihuwar wata daban, ganinsa daban. Haihuwa ita ce lokacin da wata ya shiga tsakanin duniya da rana, ana sanin mintinta shekaru kafin ta zo. A lokacin ba ya ganuwa ko kaɗan. Mafi ƙanƙantar jinjirin da aka tabbatar an gani da ido zalla yana da kusan awa 15 da rabi, a sarari garau, ga gwani. Mutum na yau da kullum sai ya haura awa 20. In ratarsa da rana ba ta kai daraja 7 ba, wato digiri 7, ko da madubin hange da wuya. Ga yadda ake dubawa: a nemi wuri mai buɗaɗɗen yamma tun kafin magariba, a riƙe inda rana ta faɗi. A miƙa hannu a dunƙule, faɗin dunƙulen daraja 10 ne. A nemi watan a ƙasa-ƙasa, bai wuce dunƙule ɗaya da rabi sama da wurin ba, daga minti 15 zuwa 40 bayan faɗuwarta. Gefen da ke da haske dole ya fuskanci inda ranar ta nutse, ƙahonnin su juya mata baya. Wanda ya ce ya ga ƙahonni suna kallon ƙasa, ba wata ya gani ba.

Abubuwan da ke ruɗar mutane su ne tauraruwar Zahra in tana yamma, da guntun hayaƙin jirgin sama da hasken magariba ya buga, da bakin gajimare. A Kano ƙurar hunturu tana cinye daraja biyar ɗin ƙasa gaba ɗaya, damina kuma hadari. Sai kuskuren da ya fi yawa: a ga wata daren biyu ya yi girma ya daɗe, a ce ai na kwana biyu ne, an ci mana azumi. Wata yana nisantar rana da daraja 12 zuwa 13 kullum, yana jinkirta faɗuwa da kusan minti 50. Jinjirin da ya kuɓuce wa ido yana da awa 14, gobe yana da 38, dole ya fito ƙato, kuma daren farkonsa ne.

Kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya da ke cikin wayoyi lissafi ce, sharaɗinta a haifi wata kafin faɗuwar rana a Makka, ya kuma faɗi bayanta ko da minti guda. Wannan bai kai ganuwa ba, shi ya sa takan riga ido da kwana guda. A nan gida wanda ya gani yana kai shaida ga mai unguwa ko hakimi, a tantance, ta isa kwamitin ganin wata, Sarkin Musulmi ya sanar.

Malam Isyaku: Wannan na yarda da shi duka. Maganar Dala ce dai ban sauka ba. Dakta, a nemo mana wani gari da ba shi da tarihin tsafi a kan dutse amma ake hawa dutse ranar sunan, sai in ba ki gaskiya.

Dakta Rabi: Sharaɗin ya yi, Malam. A Daura da Gumel bikin watan Maulidi shi ne Sallar Gani, hawan dawaki ake yi, ba dutse ba, wannan kuma ya fi taimakon hujjarka a kan tawa ta fuskar wurin. Ta fuskar ranar kuwa ina nan inda nake.